Kukan da muka yi wata uku muna ji a motar ƙungiya

Da yawa daga cikinku sun ji labarin tsayuwar motar ƙungiya a hanyar Jebba, kowa kuma da irin yadda labarin ya iso masa. Mun ga ya dace mu faɗi yadda abin ya faru da bakinmu, domin laifin namu ne, mu da kuka damƙa wa amanar motar.

Jif ɗin nan 'yar tokumbo mai fulogi huɗu, da karo-karonku aka saye ta, don kai marar lafiya asibiti da zuwa ta'aziyya. Tun tsakiyar damina ta fara wani ɗan kuka da safe, kamar na tsuntsu, da inji ya ɗumama sai ya lafa. Direba ya faɗa mana, muka rubuta a takardar taro. Zama na farko aka ce a jira kuɗin wata su shigo. Zama na biyu maganar hayar ofis ta cinye lokaci. Kafin na uku wani ya ba da shawara a goga wa fambel sabulu, aka goga, kukan ya ɗauke kwana biyu, muka ce an huta.

Ana cikin haka ɗaya daga cikin dattawanmu ya kwanta ciwo, ya roƙi a mayar da shi gida Kwantagora wurin iyalinsa. Muka bar Agege bayan asuba, mu huɗu da shi. Mun wuce Ibadan, Oyo da Ogbomosho lafiya. Bayan Ilorin, kafin Jebba, muka ji wata ƙara daga gaba, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri har direba na juya shi da ƙarfin tsiya. Ba a jima ba allurar zafi ta fara hawa. Direban ya ce, "Malam Sakatare, bari na tura ta mu kai gari." Allah Ya sa muka hana. Muka gangara gefen titi, ga rana ta yi sanyi, ga Baba kwance a baya yana tambaya ko mun kusa.

Da aka ɗaga bonet, fambel ya tsinke ya yi zare-zare. Bakaniken da ɗan acaba ya ɗauko mana ya nuna wata 'yar fuli da ba ta kai tafin hannu ba, ta ƙone ta daskare. Ya ce, "Alhaji, bel ba shi da laifi, wannan ce ta kashe shi."

Ga abin da muka koya. A irin wannan inji bel ɗaya ne dogo yake zagaye komai: altanetar da ke cajin batir, famfon ruwan da ke zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto, famfon sitiyari da kwamfuresar iyakwandishan. Abin da ke riƙe shi a ɗame shi ne ajasta, wato wani hannu mai sifirin da fuli a bakinsa, yana danne bel ɗin kullum. A cikin fulin akwai boris da aka rufe da giris ɗinsa tun daga masana'anta. Zafi da ƙura da shiga ruwa, irin wanda muke kutsawa a titunan Legas duk damina, su ke cinye giris ɗin. In ya bushe sai boris ya fara kuka, daga nan ya yi rawa, ƙarshe ya cije. Fulin na tsayawa, bel ya goge a kanta ya tsinke, abubuwa huɗun nan su mutu lokaci guda. Da mun biye wa direba, famfon ruwa ba ya juyawa, da gaskit ya ƙone, wataƙila ma kan injin ya lanƙwashe.

A daren aka sa mana fuli 'yar kwance da wani bel don mu ƙarasa, muka sauke Baba wajen ƙarfe ɗaya na dare, a galabaice. Da muka dawo Legas aka je Ladipo da tsohon kayan a hannu, aka sayo ajasta sukutum da sabon bel, muka tsaya a kan aikin har aka gama.

Ga masu mota a cikinmu, ku kula da waɗannan. Kuka da safe, ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a gaban inji, ko hannun ajasta yana karkarwa in mota na tsaye a kunne, ko bel ya karkata zuwa bakin fuli, duk gargaɗi ne. Gwajin ba wuya: a kashe inji ya huce, a cire bel, a juya kowace fuli da hannu. Mai lafiya tana juyawa sumul ba sauti, da ɗan nauyi. Wadda ke shuuu tana ta gudu ita kaɗai ta bushe, wadda ke girgiza in an taɓa ta kuma ta gama aiki.

Wurin canji, a cire kan batir, a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya da waya kafin a taɓa shi, domin in aka mayar da shi ba daidai ba zai iya juya famfon ruwa baibai. Ana sa doguwar sifana a sassauta ajasta a hankali, kuma kada a sa yatsa tsakanin bel da fuli. In sifirin ya saki, sauya fuli kaɗai asarar kuɗi ce, a sauya ajastan gaba ɗaya. A duba lambar da ke jikin bel: in an rubuta 6PK, layuka shida ke nan, adadin da ya biyo baya kuma tsawonsa ne a milimita. Gefe mai layuka yana hawa fuli mai ramuka, gefe mai santsi kan fuli mai santsi. In mai na ɗiga a kan bel, a toshe yoyon tukuna. Kuma kada ku jira sai bel ya tsattsage. Na zamani ba sa yawan tsagewa, layukansu ne ke cinyewa. In mota ta doshi kilomita 100,000 da bel ɗaya, a sa ido. Sabulu ko ruwa ko man birki kuwa, rufe bakin mai kuka ne kawai.

Kuɗin da muka kashe a hanya da na gyara na biyu ya ninka abin da muka ƙi fitarwa a damina. Amma abin da ya fi damun mu shi ne sa'o'in da dattijo marar lafiya ya yi a gefen daji saboda sakacinmu. Da motar ɗayanmu ce, da kwana biyu ba za ta yi tana wannan kukan ba. Kayan jama'a ne, kowa ya ji, kowa ya bar wa wani.

Saboda haka shugabanni sun amince a ware ɗan kuɗin gyara a hannun ma'aji, wanda za a taɓa ba sai an jira taro ba. Za a riƙa ajiye bel na ko-ta-kwana da sifana a cikin motar, kuma ba za ta sake fita doguwar tafiya ba sai bakanike ya duba ta. Mun nemi gafarar Baba da iyalansa, muna neman taku. Jikinsa da sauƙi, yana gaishe ku. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu.

Sakataren ƙungiya