Lambar da ke Jikin Takardar Gwaji

A gidajen rediyo da jaridun Hausa an saba cewa "sankarar mafitsara", kuma sunan bai taɓa kwanta mini a rai ba. Mafitsara jaka ce da fitsari ke taruwa a ciki. Abin da ake nufi kuwa wani ƙulli ne daban, mai girman goro, da ke ƙarƙashinta, ya kewaye bututun fitsari, kuma maza kaɗai ke da shi. Likitoci na kiransa furostet. Ya kamata ɗalibin fassara ya lura da wannan, domin gwajin jinin da ake yi wa maza, wato PSA, babu ruwansa da mafitsara.

PSA wani sinadari ne da wannan ƙulli ke samarwa don tsinka maniyyi, kuma kaɗan daga cikinsa yakan shiga jini. Shi ake aunawa, ba sankarar kanta ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 1986 don bibiyar waɗanda aka riga aka tabbatar suna da cutar, sai a 1994 ta yarda a nemi cutar da shi. An daɗe ana ɗaukar 4 a matsayin iyaka. To amma lambar takan hau saboda kumburin da ke zuwa da tsufa, ko ƙwayoyin cuta, ko sa robar fitsari, kai har saduwa da iyali kwana ɗaya kafin gwajin. Cikin maza huɗu da lambarsu ta yi sama, kusan uku ba a samun sankara idan an ɗebi tsokar an duba. Akwai kuma masu ita da lambarsu ba ta kai 4 ba, kuma maganin finasteride yakan rage lambar da kusan rabi.

Shi ya sa masana suka yi ta kai-kawo. A 2012 kwamitin ƙwararru na Amurka ya ce a daina gwada masu lafiya, ganin yadda ake yi wa mutane tiyata kan ciwon da ba zai kashe su ba, su koma ba sa iya riƙe fitsari ko biyan haƙƙin aure. A 2018 ya sassauta, ya bar wa mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke shawara tare da likitansa.

Ni dai na haura arba'in, kuma ina ganin wannan muhawara ta masu yalwar asibiti ce. Damuwarsu gano cutar fiye da kima, tamu kuwa jinkiri. A gidajenmu dattijo zai tashi fitsari sau biyar a dare, a ce sanyi ne, a jiƙa masa sassaƙe, kunya ta hana 'ya'yansa tambaya, har sai ciwon ya sauka a ƙashin baya. Ga shi kuma an tabbatar baƙar fata sun fi fuskantar haɗarin: a Birtaniya ana ƙiyasta ɗaya cikin huɗu zai kamu, alhali a maza gaba ɗaya ɗaya cikin takwas ne, har ake ba su shawarar fara tuntuɓar likita tun suna 45.

Saboda haka zan je in ba da jinina. Idan lambar ta hau, zan nemi a maimaita bayan 'yan makonni kafin in yarda a kusance ni da allura.