Daren da salansar motata ta yi ja

Yau labarin mota na kawo muku, domin na san da yawanmu wata tsohuwar 'yar Kwatano muke lallaɓawa, ita ce ta kasuwa, ita ce ta kai yara makaranta, kuma ita ce za ta kai mu gida da Sallah.

Saura kwana 9 mu tashi da iyali daga Sabo ta Ibadan zuwa Sakkwato, sai tawa ta fara wani hali. Idan na shiga gosulo a Mokola allurar zafi ta dinga hawa har ta kusa taɓa ja, da na samu hanya na taka sai ta sauko. Ga injin yana karkarwa, ga shan mai. Wani dare na dawo na buɗe bonet a cikin duhu, wallahi sai na ga wuyan salansa ya yi jawur kamar garwashin mai tsire. Gabana ya faɗi, don kuɗin da ke hannuna na mai ne da tsarabar Hajiya.

Bakaniken da na kira ko murfi bai buɗe ba ya yanke hukunci: gasket ya ƙone, a sauke kan inji, a cire tamostat, a fasa abin nan mai tace hayaƙi da suke kira indomi. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Maƙwabcina wani dattijon Bayarabe ne, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana bin hanyar Kano, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Da safe ya same ni na yi tagumi. Ya ce, "Alhaji, bari ta huce tukuna, daga mai arha ake farawa." Ya gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan a matse yake, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, ana buɗewa zai yi tsiri ya sale fuska.

Muka zaro sandar baƙin mai. Da gasket ne, in ji Baba, sau da yawa za ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ko ruwa yana raguwa, ko kumfa na tasowa a lagireto, ko farin hayaƙi a baya. Ba mu ga ko ɗaya ba. Tiyo bai tsage ba, ƙasan mota a bushe. Muka tayar da ita muka jira. Allura ta wuce rabi, fanka ko motsi. Ashe a kan hanya iska ce ke sanyaya ruwan, a gosulo kuwa sai fanka. Fis lafiya lau. Baba ya ciro rile na ham, da yake iri ɗaya ne, ya sa a gurbin na fanka, nan take ta ɗauka.

Saura jan salansa. Muka dinga zare wayar kwayil ɗaya bayan ɗaya muna sauraro. Uku na farko kowanne ya sauya muryar inji, na huɗu bai sauya komai ba. Fulogin nan ya mutu, ya yi baƙi ƙirin. Wato fetur ɗin da bai ƙone a ciki ba shi ke gangarawa salansa ya ci wuta a can. Baba ya ce da na ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa, da labarin ya sha bamban.

Rile ɗaya da fulogi huɗu na saya. Na kuma juye ruwan rijiyar da nake zuba mata, wanda ya fara tsatsa, na sa ruwan lagireto na gaskiya. Tamostat na nan inda yake, indomi ma haka.

Mun bi ta Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa da Kwantagora, ido ɗaya a titi ɗaya a allura, ba ta wuce rabi ba har ƙofar Hajiya. Da na dawo na kai wa Baba kilishi, ya karɓa yana dariya, ya ce wannan ya fi kuɗin aiki.

'Yan uwa, kafin tafiyar Sallah ku tayar da motocinku a ƙofar gida, ku tsaya har ku ga fanka ta juya da idonku. Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.