Gashin Wutsiya da Wayar Jan Ƙarfe

Kamun kifin da na sani a ƙuruciya na tana ne: ka soka ta a ƙugiya, ka jefa, ka zauna jiran rabo. Sai da karatu ya kai ni kudancin Ingila na ga inda ake yaudarar kifi da gashin tsuntsu. Dattijon da na yi haya a gidansa a Salisbury shi ya jefa ni cikin harkar. Da hunturu, an rufe kamun kifin tirawut, ga dare ya yi tsawo, sai ya share teburin kicin, ya kafa ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙugiya, ya ce in jawo kujera.

Abin da muke ɗaurawa kwaikwayon ɗan ƙwaron ruwa ne tun bai yi fiffike ba, lokacin yana iyo a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya ƙago samfurin shi ne Frank Sawyer, mai gadin Kogin Avon a wajajen Netheravon, arewa da garinmu kaɗan. Ya shafe fiye da shekara 50 yana kula da kogin har rasuwarsa a 1980, ya kuma yi bayanin dabararsa a littafinsa na 1958. Kayan haɗin biyu ne kacal: siririyar wayar jan ƙarfe, da 'yan silin gashin wutsiyar namijin fizant, tsuntsun nan dangin fakara. Babu zare ko kaɗan. Dattijon daga matattun rediyo yake warware tasa wayar, ko sisi bai taɓa kashewa a kanta ba.

Da wayar ake fara naɗe ƙugiya, a tara ɗan tudu kusa da ido, shi ne ƙirjin ƙwaron. A ɗaure sili huɗu a baya, a bar bakinsu ya zama wutsiya, a murɗe sauran da wayar a naɗo gaba, sannan a lanƙwasa su a kan tudun. Shi ke nan. Ba a yi masa ƙafafu, domin Sawyer ya lura cewa ƙwaron na maƙale ƙafafunsa a jiki in yana iyo. Wannan lura ta fi burge ni a kan komai. Mutum ya daɗe yana leƙen ruwa kafin ya san abin da zai bari.

Da bazara ta yi ƙarfi muka fita bakin kogi. Avon daga ƙasar alli yake ɓuɓɓugowa, ruwansa garai-garai, kana hango kifi tsaye kusa da ciyawa ya fuskanci inda ruwa ke tahowa. Sai ka sulalo ta bayansa, ka jefa can gabansa, nauyin wayar ya nutsar da ƙwaron kafin ya iso. Ba za ka ji an ja ba. Farin cikin bakin kifin za ka gani ya buɗe ya rufe, nan take ka ɗaga sanda, in ba haka ba ya tofar. In kuwa ya yi biris, sai ka ɗan ɗaga sandar daidai lokacin da ƙwaron ya zo kusa da hancinsa, ya zama kamar zai tsere sama. Da wuya ya haƙura.

Na yi mamakin jin cewa an taɓa ɗaukar wannan dabara abin kunya. Manyan gargajiya sun ce kamun mutunci shi ne da ƙwaron da ke yawo a saman ruwa, har a 1938 aka yi zazzafar muhawara a London da G.E.M. Skues, lauyan da ya tsaya wa kamun ƙarƙashin ruwa a Kogin Itchen. Ko a zamaninmu akwai ƙungiyoyin da ba sa yarda da shi sai Yuli ta kama.

Inda muka saɓa da dattijon wuri ɗaya ne. Bayan duk wannan wahala, sai ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar, ya mayar da kifin ruwa. Na yi ta yi masa bayanin yaji da manja, yana dariya yana girgiza kai. Ina bin dokarsa tunda kujerar baƙo nake kai, amma har muka rabu ban yarda da hujjarsa ba.