Daga Paga Zuwa Ankara: Allunan Shaguna, Gunki Marar Kai da Ramin Gwamnati

Duk wanda ya saba bin motar albasa daga Galmi zuwa Gana ya san cewa da an tsallake iyakar Burkina an shigo Paga, ido ya samu abin yi. Kimanin kilomita 800 ne daga nan zuwa Akra, ko Ankara kamar yadda mutanenmu na zango ke kiranta. In kana iya haɗa baƙin Turanci ko kaɗan ne, allunan shaguna kaɗai sun ishe ka hira har ka sauka.

A Paga ɗin ma, tun ba a yi nisa ba, ga tafkin kadoji. Mutanen garin sun ɗauki kadojin nan tamkar dangi, ba sa kashe su, ba sa cin namansu. Baƙo ya sayi kaza, a kira kada ya fito bakin ruwa, a riƙe masa wutsiya a ɗauki hoto. Ni dai daga nesa nake kallo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Daga Bolga zuwa Tamale rubutun jikin motoci da shaguna bai bambanta da na gida ba, godiya ce ga Allah da roƙon tsari daga mahassada. Sai ka wuce Kintampo ka doshi Techiman abin zai sauya. Mai facin taya ya sa wa rumfarsa suna Jinin Yesu. Mai kitso ta rubuta Hannun Ubangiji. Mai sayar da daskararren kifi, mai walda, mai cajin waya, har mai gidan giya, kowa ya jingina kantinsa da sunan Allah ko na Almasihu. Wasu ba sa ma wahalar da mai fenti, lamba kawai suke sa wa: Zabura 23, Zabura 91, Zabura 121, mai karatu ya je ya duba da kansa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne bakanike mai gyaran birki da ya rubuta a saman ƙofarsa cewa dogaro ga Allah shi ne kaɗai mafita. Direbanmu ya karanta, ya girgiza kai, ya ce gaskiya ne, amma shi dai gaba zai kai motarsa.

Akwai kuma wata alama da za ka gani ko'ina, a bayan kujerar roba, a ƙofar gida, a jikin zane. Sunanta Gye Nyame, da harshen Asante, ma'anarta kusan "sai dai Allah". Alamar gargajiya ce ta Akan, ba coci ce ta kawo ta ba, amma yau Kirista ya rungume ta, Musulmi na zaune a kanta yana shan koko da ƙosai, ba wanda ya damu.

Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne wannan: a jikin katako guda da aka rubuta sunan Yesu, a nan ake zana tutar ƙasa, ja da rawaya da kore da baƙin tauraro. Gicciye a dama, tauraro a hagu. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari, Musulmi sun kusa kashi 20. Taken ƙasar ma da roƙon albarkar Allah ya fara. Don haka talakan Gana bai ga wani saɓani tsakanin imaninsa da ƙasarsa ba. Wata dattijuwa da ke sarin albasa a hannuna a Techiman na taɓa tambayarta, na ce Mama, me ya sa kika ɗora wa rumfarki aya? Ta ce mini da bashin banki ta buɗe ta, kuma maƙwabta suna da ido. Ka ji fa. Daidai dalilin da ya sa mu ma muke rataya laya a ƙofar shago.

In ka shiga babbar mota daga Kumasi, kafin ta tashi mai wa'azi zai miƙe ya yi addu'ar hanya, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, ya sauka. Yana sauka mai magani ya maye gurbinsa, da ƙwaya ɗaya mai maganin basir da shawara da ciwon baya. A bakin titi yara na ɗaga gyazbi ta wutsiya, mata na tallan dodon koɗi, a Nsawam kuma burodi da soyayyen gindin talotalo za a yi ta cusa maka ta taga. Ga manyan alluna na sanarwar jana'iza, hoton mamaci ya fi na ɗan takara girma, don a kudancin Gana biso ba abin gaggawa ba ne. Gawa kan yi makonni, wani lokaci watanni, a firiji kafin dangi su shirya, ranar Asabar a fito cikin ja da baƙi.

Wannan ne ya kai ni Teshie, a bakin teku gabas da Ankara, inda kafintocin ƙabilar Ga ke ƙera akwatin gawa mai siffa. Masunci a sa shi cikin kifi. Manomin koko cikin kwanson koko. Direba cikin Marsandi, mai kiwon kaji cikin kaza, har da wayar salula da kwalbar lemo. Seth Kane Kwei, wanda ya rasu a 1992, shi ya shahara da sana'ar tun shekarun 1950, almajirinsa Paa Joe kuma ya kai ta har gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. Mu da muka saba da likkafani da makara, abin sai kallo. Amma ga inda gizo ke saƙa: coci da yawa ba sa yarda a shigo musu da kifi ko mota cikin majami'a. Sai kafintoci suka samo dabara, suka riƙa ƙera akwati mai siffar Littafi Mai Tsarki, wanda fasto ba shi da bakin korarsa. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne.

Duk wannan tsakanin talaka ne da Ubangijinsa, ba ya cutar da kowa. Rigima takan taso ne idan gwamnati ta ga allon ya yi kyau ta ce ita ma za ta rubuta nata.

In ka samu sarari a Ankara, ka je filin tunawa da Kwame Nkrumah, tsohon filin folo inda ya shelanta 'yancin kai a Maris 1957. A bayan kabarinsa akwai gunkin tagulla tsaye ba kai, kan kuma yana gefe a kan nasa dakali. Gunkin a gaban majalisa yake a da. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja suka kifar da Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, jama'a suka tumɓuke gunkin, kan ya ɓace. Sai a 2009 aka dawo da shi, ashe yana ɓoye a hannun wani mai kishinsa fiye da shekara 40. Yara 'yan makaranta na ɗaukar hoto a wurin suna dariya, amma gunkin nan ya tayar da ƙura tun yana sabo. A gindinsa an rubuta wata magana da Nkrumah ya aro daga Linjilar Matta, inda Almasihu ke umartar almajiransa su sa mulkin Allah a gaba da komai. Nkrumah ya cire mulkin Allah ya sa mulkin siyasa. Majalisar Kiristocin Gana ta nemi a goge rubutun, gwamnati ta ƙi.

Abin bai tsaya nan ba. A 1960 aka kafa ƙungiyar matasa ta Young Pioneers, ana koya wa yara kirarin da ke ɗaukaka shugaban ƙasa zuwa matsayin mai ceto wanda ba ya mutuwa. Bishop ɗin Angilika na Ankara, Richard Roseveare, ya fito fili ya ce wannan tarbiyya ce ta rashin sanin Allah. A Agusta 1962 aka kore shi daga ƙasar. Shugabannin wasu coci suka mara masa baya, bayan 'yan watanni aka bar shi ya dawo. Ina ganin girman Nkrumah, ba wanda ya yi wa baƙar fata fafutuka kamarsa a zamaninsa. Amma a wannan gaɓar bishop ne ke da gaskiya, kuma na tabbata da malaman zango aka kawo wa irin kirarin nan a ce yaransu su haddace, amsarsu ba za ta bambanta ba.

A Yuni 1989 gwamnatin soja ta Rawlings ta dakatar da Shaidun Jehobah da 'yan cocin Mormon, ta rufe wuraren ibadarsu, ta kori masu mishan ɗinsu 'yan waje, bisa zargin suna raina ikon ƙasa. Su Shaidun Jehobah sananne ne ba sa sara wa tuta, ba sa rera taken ƙasa, ba sa shiga siyasa, a duk ƙasar da suke. 'Yan Mormon aka sake su a ƙarshen 1990, Shaidu kuma sai a 1991. Har yau za ka gan su biyu-biyu da 'yan jakunkunansu suna ƙwanƙwasa ƙofa, har cikin Nima da Mamobi. Ban yarda da aƙidarsu ba, amma mutumin da ya gwammace a rufe masa ɗakin ibada da ya ɗaga hannu ga ƙyalle, ba a ce masa matsoraci.

Mu baƙi kuwa akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Firaminista Kofi Busia mutum ne mai riƙo da addini, ɗan cocin Methodist mai wa'azi. A ƙarƙashinsa, cikin Nuwamba 1969, aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasa. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa dubun-dubata suka watsar da shaguna da gidaje a farashin banza, cikinsu har da waɗanda a zango aka yanke musu cibiya. A 1983 kuma Shehu Shagari, Musulmi, ya kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Najeriya, har jakar leda mai zanen dara ta samu sunan da ake kiranta da shi yau. Littafin kowannensu ya yi wasiyya da baƙo. Da tattalin arziki ya matse, kishin ƙasa ne ya yi magana, littafi ya yi shiru. Shi ya sa nake ce wa yaranmu masu shigowa, kada kyakkyawan sunan da ke saman shagon maigidanka ya hana ka gyara takardunka. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma mun ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020.

Abin al'ajabi na ƙarshe a hanyar nan ba shago ba ne, rami ne. Yana unguwar Ridge, kusa da majalisa. Nana Akufo-Addo ya sha kaye a zaɓen 2008 da na 2012, ya ce ya yi wa Allah alkawarin in ya ci na 2016 zai gina babbar majami'ar ƙasa. Ya ci. Ranar 6 ga Maris 2017, Gana na cika shekara 60, aka ƙaddamar da aikin. Aka ba shahararren mai zanen gini David Adjaye, aka ce za ta ɗauki mutum 5,000. Aka rushe gidajen alƙalai da ofishin fasfo da gidan jakadan Mali. Har dutse aka ɗauko daga Ƙudus aka dasa a harsashi. An ce coci da masu hali ne za su ba da mafi yawan kuɗin, har aka roƙi jama'a su riƙa zuba sidi 100 duk wata. Daga baya ta bayyana cewa wajen dala miliyan 58 na baitulmali sun shige, alhali kuɗin ginin da ake hasashe ya haura zuwa wajen dala miliyan 400. Ana cikin haka sidi ya faɗi warwas a 2022, aka ɗora harajin tura kuɗi ta waya, wanda ni da kai muka biya a kan kowane buhun albasa, ƙasa ta koma wajen Asusun Lamuni na Duniya.

Wani ɗan siyasa ya kai ƙara Kotun Ƙoli cewa gwamnati ba ta da hurumin shiga harkar addini. Ku lura, 'yan'uwa, a cikin ƙarar ya haɗa har da tallafin da gwamnati ke bai wa aikin Hajji. Kotu ta yi watsi da ita a 2019. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda ya je cocin Katolika ranar Ista ta 2019 yana cika shekara 100, ya ba da gudummawar sidi 50,000 a 2021. Wasu a zango sun yi gunaguni, wasu suka ce dattijo ya san abin da yake sayen mana, wato zaman lafiya. Mafi zafin suka daga bakin Kiristoci ta fito. Wasu suka ce alkawarin mutum ɗaya ne tsakaninsa da Ubangijinsa, don me mai tallan ruwa za ta biya? Wasu suka ce asibitoci ba gado. Manyan fastoci irin su Dag Heward-Mills, daga baya Nicholas Duncan-Williams da Eastwood Anaba, suka ajiye kujerunsu a kwamitin amintattu. John Mahama, wanda shi ma ɗan coci ne, da ya dawo mulki a 2025 gwamnatinsa ta tsayar da zuba kuɗi ta sa a binciki lissafi.

Ranar 6 ga Maris 2024 aka tsara buɗe majami'ar. Ranar ta zo ta wuce, abin da ke bayan shingen kuwa ƙaton rami ne da kankare da ƙarafa a tsaitsaye. Da damina ruwa na taruwa a ciki, 'yan Ankara na yi masa ba'a suna cewa shi ne wurin ninƙaya mafi tsada a duniya. Daga kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da mu a 2021 bayan an tashe mu daga Agbogbloshie, sai ka canza mota kafin ka isa, kuma daga bakin titi ba ka ganin komai sai shinge.