Marka a Cikin Birni

Kowace tsohuwar unguwa a birnin Kano da kududdufinta take. Ƙasar da aka gina gidajen unguwar, daga nan aka haƙo ta: a buga tubali, a ta da katanga, a jera azara, a bar rami a baya. In damina ta sauka, ruwan da ya zubo daga indararon kowane gida sai ya bi kwata, ya bi lungu, ya gangara cikin ramin nan. Abin da ya yi saura ƙoramar Jakara ta kwashe ta fita da shi bayan gari. Muna yara mun san kududdufi wurin wankan sata ne da kamun tarwaɗa, da shan bulala in an gan ka da jajayen idanu. Iyayenmu sun san shi matattarar sauro da wari, wani lokaci har ya ci yaro. Ba zan yi masa kwalliya ba. Amma yana shanye ruwa, kuma ba ya karɓar ko kwabo a kan aikin.

A idona aka cike da yawansu. Da fari shara ake zubawa, shekara da shekaru, sai tifa ta kawo ƙasa, sai ka ga an kafa turaku an yanka filaye. Inda muka yi iyo yau shaguna ne masu hawa biyu. Ita kanta Jakara an rufe wani sashenta an shimfiɗa titi a kai. Mutane sun yi yawa, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, wannan gaskiya ne. Sai dai ba a yi shawara da ruwa ba, shi kuwa duk Agusta yana nan tafe, kuma inda ya saba kwana can yake nufa.

Gidan ƙasa ba ya barin mai shi ya yi sakaci. Tun bazara mahaifinmu yake kiran magini a yi yaɓe, a shafe soro da makuba, a zare ciyawa da ledar da suka toshe bakin indararo. An yi ruwan fari, da safe zai hau sama da kansa yana dubawa ko akwai tsaga. Matasan unguwa kuma su fito gayya da shebur da manjagara su yashe lambatu, domin mai unguwa zai zagayo, duba-gari ma ba ya wasa. Da siminti da kwano suka zo aka huta da yaɓe, kuma wallahi hutu ne. Amma tare da yaɓen aka ajiye duban. Mutum ya gina gidan bulo ya sa tayil, ya kulle ƙofarsa, lambatun ƙofar gidan ya zama na gwamnati, ledar fiya wata ta cika shi maƙil ba mai tankawa sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ita ma rabin mutane barci suke yi.

Mu da muka ga Agustan 1988 ba ma raina hadari. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, madatsar Bagauda ta ɓalle. Abin da ya fi zama mini a rai daga shekarar nan ƙarar faɗuwar katanga ce cikin dare, wani irin gum mai nauyi, sai shiru, sai salati. Kowa ya fito da fitila yana tambayar gidan wa.

Ruwa kuma bai taɓa tarar da magidanci a zaune lafiya ba. Marka takan zo daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare sabo bai shigo ba, kwanon masara ya yi tsada. Satumba na ƙwanƙwasa ƙofa da kuɗin makaranta. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara biyu a ɗaki ɗaya. In da 'yar da aka sa wa rana bayan damina, to uwarta ta shekara tana tara kayan ɗaki, katifa a jingine, atamfofi a akwati ƙarƙashin gado. Shi ya sa in an fara tsawa cikin dare mace ke riga tashi.

"Malam, tashi, ya fara shigowa ta zaure."

"To, Hajiya. Ɗauke buhun nan tukuna, a ɗora yara kan gado."

Buhu, yara, takardun gida da na makaranta, sannan akwatin amarya. Ba wanda ya koya mana wannan jeri, kowane gida haka yake yi. Daga nan sai bokiti da tsintsiya har kiran assalatu. Gari ya waye ka fita masallaci da wando a naɗe, maƙwabcin da katangarsa ta kwanta jiya ka ce masa, "Yaya ruwa?" ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Ni ban taɓa jin wanda ya amsa da wani abu daban ba, kuma ina ganin daidai ne, don manomin Bichi da na Ɗambatta wannan ruwan suke roƙo. Ruwa rahama ne. Lambatun da aka toshe aikin ɗan Adam ne, kada a haɗa su a kira su ƙaddara gaba ɗaya.

Yanzu da tsufa ya zo, nawa gidan ya daina hana ni barci. Na 'ya'yana ke hanawa. Autata tana aure a wata sabuwar unguwa a bayan gari, gidan haya mai kyau, da rani aka kama shi. Ashe fadama ce aka cike. In hadari ya haɗu ta gabas sai in ajiye waya kusa da matashi. Wani dare ta kira: "Baba, ya kai mana gwiwa, kuma babu wuta." Me tsoho zai yi daga cikin birni da ƙarfe biyu na dare? Na ce ta hau da yaran kan tebur, kada kowa ya taɓa soket, a jira asuba. Tun daga ranar duk wanda ya zo neman shawarata kan gida ko fili, ina ce masa ya je ya gan shi a Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya dubi jikin katangun maƙwabta, zai ga layin da ruwan bara ya bari. Ya tambayi mai shayin bakin layi, kada ya tambayi dillali.

Abin bai tsaya kan talaka ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na manyan 'yan kasuwa. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ta shafe rabin Maiduguri, har namun gidan zu suka fito gari, kuma ita ce dai ta yi ambaliya a 1994. Shekara talatin tsakani, ya isa a ce an gyara.

Bayan ruwa ya janye ne wahalar take fara zama. Masai ya tumbatsa ya haɗu da rijiya, sai a fara jin amai da gudawa a unguwa. Katifa ta yi kwanaki a rana tana wari. Kayan agaji in sun zo, tabarma ce da ɗan kwanon shinkafa, bayan an rubuta suna sau uku. Sai kowa ya nemi mafita shi kaɗai: mai hali ya kira birkila ya ƙara wa dokin ƙofarsa bulo biyu, ya zuba tifar ƙasa a gaban gida. A layinmu gida shida sun yi haka bana. Ruwan da suka kora yanzu gidan wata bazawara yake shiga, mai sayar da ƙosai a ƙarshen layi, don nata ne ya rage a ƙasa. Mun yi maganar a masallaci bayan la'asar, an ce kowane magidanci ya kawo abin da ya sawwaƙa a yashe lambatun har bakin titi. Zuwa jiya mutum huɗu ne suka kawo.