Miliyan ɗaya da dala ukun Baba

Bara, lokacin hutu, na tarar an cire albasa a garinmu kusa da Galmi. Baba da ƙannensa da ƴaƴan yayansa, su bakwai, suka yi noman rani tare. Da aka sayar aka fidda kuɗin taki da na man injin ban ruwa, abin da ya rage sefa miliyan ɗaya cif. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ce ɗan jami'a ya zo ya raba.

Na zauna ina ji da kaina. Miliyan lamba ce da na sani tun lekol: dubu sau dubu, ko ɗari sau ɗari sau ɗari. In ka farfasa ta, biyu ne sau shida da biyar sau shida, ba wani abu a cikinta. Lambobi 49 ke raba ta ba saura, amma babu uku a cikinsu, babu bakwai. Na danna waya na ce kowa zai samu 142.857, saura tamma ɗaya.

Baba ya dube ni ya ce, “Dala nawa ke nan?”

Na yi shiru. A kasuwar Ƙwanni ko ta Malbaza ba mai ciniki da tamma. Dala ake ƙirgawa, wato tamma biyar, dala ɗari biyu kuma jika guda. A bakin Baba miliyan jika dubu ce, dala dubu ɗari biyu. Ya yi ɗan zane a ƙasa da tsinke, ya ce kowa dala 28.571, saura dala uku. Wani baffana ya fara ɗaga murya: yaro ya ce saura tamma ɗaya, yaya ya ce sha biyar, ina sha huɗu suka shiga? Mutanen da suka yi watanni suna ban ruwa tare suka koma kallon juna.

Na sake lissafi, gumi na karyo mini. Nawa daidai ne a takarda, amma ba wanda za a iya miƙa wa 142.857 a hannu, don ƙwandalar da ta fi ƙanƙanta a aljihunmu dala ce. Na faɗi haka a fili, na ce na Baba ne ke biyuwa. Baffa ya yi dariya, aka ba almajiri dala ukun.

A Yamai mun karanta cewa ashirin da talatin daga Larabci suka zo, kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa, miliyan kuwa baƙuwar Turawa ce. Na haddace don jarrabawa kawai. Yanzu in na koma gida, littafi nake ɗauka in zauna wajen Baba, yana ƙirga ina rubutawa. Kai ma ka gwada: raba jika dubu uku-uku da dala, ka ga me zai saura.