Zaren da Aka Ƙi Sawa

Tun zuwana Amurka ban ga gardamar wasa da ta ƙi mutuwa ba irin ta 'yan damben boksin Canelo Alvarez da David Benavidez. A shagon askin da nake zuwa a Bronx, inda 'yan Meziko ke haɗuwa da 'yan uwanmu na Ghana da Nijar, da an ambaci Canelo sai mai aski ya ɗaga almakashi daga kan mutum ya shiga musu. Wasu su ce tsoro ne ya hana shi haɗuwa da Benavidez, wasu su ce lissafi ne.

A watan Nuwamba na 2021 Canelo ya buge Caleb Plant ya haɗa kambu huɗu na ajin kilo 76 a hannunsa: na hukumomin WBA da WBC da IBF da WBO. Benavidez, matashi dogo mai ruwan naushi wanda ba a taɓa doke shi ba, ya riƙe kambun wucin-gadi na WBC, wato shi ne na gaba a layi. Ya yi ta kira har murya ta dushe. A 2024 Canelo ya ce sai an ajiye masa dala miliyan 150 zuwa 200 kafin ya kula shi. Ya ɗauki Jaime Munguia a watan Mayu, ya ɗauki Edgar Berlanga a Satumba, ya cinye su da maki. Benavidez ya gaji ya haura aji na gaba.

Masu kare Canelo suna da hujja mai ƙarfi. Yana ɗan shekara 23 ya tari Floyd Mayweather a 2013 ya sha kashi. Ya haɗu da Gennady Golovkin sau uku. A 2022 ya haura aji ya je wa Dmitry Bivol, nan ma aka doke shi. Matsoraci ba ya bin wannan hanya, kuma ni ban yarda a kira mutumin da ya fara cin abinci da naushi tun yana ɗan shekara 15 matsoraci ba. Abin da ya dame ni daban ne: an ba shi damar ya ƙi, kuma ƙin bai ci masa komai ba.

Wanda ya taɓa zama a gidan dambe na Sabon Garin Kano ko na Dei-Dei a Abuja bayan la'asar ya san yadda ake neman mutum a wajenmu. Makaɗi ya matse kalangu ya saki taken wane, tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe da hannu a naɗe, layu suna reto a damtse. Ya yi kirari, ya ratsa fili ƙura na binsa, ya je har gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. Jama'a suna kallo, mawaƙa suna kallo, ubangidansa yana kallo. Wanda aka nuna yana iya cewa hannunsa na ciwo, yana iya cewa kuɗin da aka sa bai kai ba, kuma ana yin haka, don 'yan dambenmu ma sun iya ciniki. Amma idan ya noƙe yau ya noƙe gobe, jibi maroƙi zai sa shi a baki, yaran tasha su ɗauka. A Amurka kuwa ba a fili ake ƙi ba. Lauyoyi ne ke ƙi a madadin mutum, a ofis, bisa wata magana ta rabon kaso ko gidan talbijin da zai nuna wasan, kowane ɓangare ya fito ya ce ɗayan ne ya gudu.

Akwai wani bambanci da na fi jin nauyinsa. A dambe an raba fili ɓangare-ɓangare: Arewa, Kudu, Guramada, Jamus. Ɗan ɓangare ba ya neman ɗan ɓangarensa, yaron gida ba ya sa zare da ɗan uwansa. Dole idon kowa yana waje, kan gwanin wancan ɓangaren. A Amurka abin a juye yake. Mai shirya wasa ya fi son ya haɗa yaransa biyu, don ko wa ya faɗi kambu da riba suna cikin gida. Tsallaka katanga ita ce wahala. Mayweather da Manny Pacquiao sun fara magana tun ƙarshen 2009, aka watse kan batun gwajin jini, ga kuma rigimar masu shirya wasa. Sai ranar 2 ga Mayu, 2015 suka haɗu a Las Vegas, ɗaya yana da shekara 38, ɗaya 36, bayan Juan Manuel Marquez ya riga ya sumar da Pacquiao a 2012. An sayi kallon wasan a gida sau fiye da miliyan huɗu. Jinkirin ya ƙara kuɗi, ya rage dambe, kuma duk masu sana'ar sun haddace wannan darasi.

Sannan ga darajar faɗuwa. A nan tarihin wasan mutum rubuce yake kusa da sunansa, kuma wanda ba a taɓa dokewa ba kasuwarsa ta fi tsada. Mayweather ya ajiye safar hannu da nasara 50 ba faɗuwa, a kanta ya gina dukiyarsa. Babban gwani sau biyu kawai yake fitowa a shekara, don haka kowace fita jari ce. A wajenmu a kashe mutum a turmin farko yau, mako mai zuwa ya dawo ya rama, sunansa ya ƙaru. Mai sauraron waƙoƙin Ɗan Anace ba ya tambayar sau nawa ɗan dambe Shago ya yi nasara. Mazajen da ya tara su ake lissafawa.

Ba zan ɓoye abin da wannan jarumta ke ci wa namu ba. Ɗan damben da ba ya iya cewa a'a shi ne wanda ke shiga fili da kumburin jiya, ba likita, ba hoton kai, ba takardar da ta ce ga haƙƙinsa. Kyautar masu kallo da rabon kuɗin ƙofa sukan ƙare kafin a kai gida, damben mota kuwa mutum ɗaya ke tafiya da makulli. Idan wani ya ce mini Canelo yana tsare ƙwaƙwalwarsa ne saboda 'ya'yansa, ina jin maganar har zuciya, kuma ina yi wa namu fatan samun ko da kaɗan daga wannan 'yanci.

Sai dai mai riƙe da kambu ba shi da wannan uzuri, don kambu alkawari ne cewa duk wanda ya kai layi za a ba shi fili. A watan Disamba na 1992 Riddick Bowe ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara a gaban 'yan jarida a Landan maimakon ya haɗu da Lennox Lewis, wanda ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1988. An zage shi, amma aƙalla ya biya: kambun ya koma hannun Lewis. Canelo bai biya ba. WBC tana karɓar kasonta daga kuɗin kowane wasan kambu, kason da ke fitowa daga wasan Canelo kuwa ba na wasa ba ne, sai ta bar masa kambun ta bar Benavidez tsaye a layi. Canelo bai rabu da kambun ba sai a Satumba na 2025, da Terence Crawford ya hauro aji biyu ya karɓe duka huɗun a Las Vegas, a wasan da Canelo ya amince da shi da kansa.